Yumɓun da ke kwashe abin da sabulu ya bari

Ka wanke mota tas, ka goge ta, ta bushe tana ƙyalli. Yanzu zura hannunka cikin leda marar kauri ka shafa bonet a hankali. Idan motar ta shekara tana yawo, za ka ji tsaki-tsaki a ƙarƙashin yatsunka kamar an barbaɗa gishiri. Da wannan gwajin gwanin gyaran jikin mota yake fara aikinsa, domin ya san ido yana ruɗuwa da sheƙi, kaushi kuwa sai hannu ke gane shi.

Wannan kaushin tarkace ne da ya kafe a jikin fenti: ɓurɓushin ƙarfe da birki ke fesarwa, ɗigon kwalta, danƙon itacen da aka ajiye motar a inuwarsa, da feshin fentin wata mota a garejin masu gyara. Ɓurɓushin ƙarfen ya fi illa, don yana yin tsatsa a inda ya maƙale, shi ya sa ake ganin ɗige-ɗige masu ruwan goro a jikin farar mota. Ga shi shafin ƙarshe na fenti, wanda ba shi da launi kuma shi ke ba da ƙyalli, yawanci bai kai kaurin silin gashi ba. Wanda ya sa ƙarfi ya dirje shi ya cinye abin da ba ya dawowa.

A nan yumɓun mota ya samu shiga. A Japan aka ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwar Amurka a shekarun 1990 da sunan Clay Magic, yau kuma kamfanoni irin su Meguiar's da Mothers suna sayar da nasu. Sunan yumɓu kawai ya ara, ba irin na maginin tukwane ba ne. Haɗi ne na roba mai danƙo da gari mai laushi ƙwarai. Idan aka ja shi a kan jiƙaƙƙen fenti, yakan sulale a inda yake sumul, ya tsinke duk abin da ya ɗago kai, ya haɗiye shi cikin jikinsa.

Gwaninta tana farawa tun wajen zaɓi. Yumɓun hawa uku ne: mai laushi, matsakaici, da mai kaifi. Mai laushin ya ishi yawancin motocin gida. Mai kaifin na motar da feshin fenti ya rufe ne, kuma yakan bar dishi-dishi da sai an bi da injin goge fenti kafin ya ɓace, musamman a baƙar mota. Saboda haka gwani da mafi laushi yake farawa, ya gwada a wani lungu, sai ya ga bai ci ba sannan ya ƙara. Ba ya dogara da launin yumɓun, domin shuɗin wani kamfani ba shi ne shuɗin wani ba, rubutun kwali yake karantawa. Akwai kuma safar hannu da tawul masu shafin roba a fuska guda, waɗanda ke yin aikin da sauri. Ga fenti mai tsada dai, da yawa sun fi natsuwa da curin yumɓun, don yana nuna musu abin da ya kwaso.

Kallon mai wannan aiki abin sha'awa ne. Ba ya taɓa motar sai ta sha wanka sosai, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka kafin a juya baya, domin ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin yumɓu ta isa ta zana ƙofa daga sama har ƙasa. Yakan kai ta inuwa ya jira ƙarfen ya huce, saboda jiki mai zafi yana shanye ruwan santsin da ake jiƙa fentin da shi, yumɓun ya yi taushi ya manne. Sai ya gutsuri kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na curin, ya murza shi a tafin hannu har ya yi laushi, ya baje shi kamar ƙaramar waina.

Daga nan ya ware wuri kamar kamu ɗaya a tsaye, kamu ɗaya a kwance, ya feshe shi da ruwan santsi har yana tsiyaya. Ya ɗora yumɓun da nauyin yatsu kawai, yana kai shi yana dawo da shi a miƙe. Da farko yakan ji yana ɗan turjewa, har da ƙaramar ƙara kamar ana shafa takarda. Bayan 'yan ja sai ƙarar ta ɗauke, yumɓun ya riƙa gudu shiru. Wannan shirun shi ne alamar an gama, gwani kuma ba ya ƙara ko ja ɗaya a kansa. Ya share wurin da tsumma mai laushi, ya duba fuskar yumɓun, ya naɗe dattin ciki, ya fito da sabuwar fuska. Daga rufi yake farawa, gindin ƙofofi da bayan tayoyi su zo ƙarshe, don nan ƙazantar ta fi yawa.

Akwai doka guda da ke bambanta gwani da ɗan koyo: yumɓun da ya faɗi ƙasa ya gama aiki. Komai sabuntarsa a shara zai kwana, domin yashin da ya kwasa ba ya fita. Dalilin gutsura ke nan tun farko. Mai ganin asarar curi guda zai biya kuɗin sake fentin ƙofa, araha kuwa ba ta ado.

Yumɓu ba ya cike ƙarce, ba ya mayar da launin da rana ta cinye, kuma ba a sa shi a fentin da aka yi shi don kada ya yi ƙyalli. Yana kuma tafiya da tsohon kakin da ke kare fenti, don haka dole a shafa sabo a ranar. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, shi ma sai leda ta ce akwai buƙata.

Abin da ke burge ni a wannan sana'a shi ne yadda take horar da mutum ya sassauta hannu. Ƙato mai ƙarfin ɗaga injin zai tsaya sa'a guda yana lallaɓa ƙofa da yatsu uku, kunnensa a kan fenti. Idan ya gama ba ya yawan magana. Sai dai ya miƙa wa mai motar leda ya ce, “Alhaji, shafa ka ji.”