Bokan Littattafan Yaƙi Ba Shi da Dangi

Sihiri tsohon baƙo ne a ƙagaggun labaran Hausa, tun daga Ganɗoki na Bello Kagara a 1934 har zuwa littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, waɗanda yanzu matasa ke sauraro a waya a Kiyako da Gwaram kamar yadda ake yi a Kano. Sai dai bokan da ke cikin yawancin littattafan zamanin nan kamar daga sama yake faɗowa. Yana zaune a kogo, madubin tsafi a gabansa, yana ƙyalƙyala dariyar mugunta. Ba uwa, ba uba, ba a san wanda ya ba shi laƙani ba.

Masu wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, sun bi wata hanya. A wasan kowa yana ɗaukar tauraro guda ya yi magana da bakinsa, ɗan lido ya yanke abin da zai faru. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya raba matsafa gida biyu: wanda ya koya a littafi, da wanda aka haifa da abin a jininsa, sau da yawa saboda wani kakansa ya haɗa iri da dodo mai aman wuta. Wannan ya sa 'yan wasa ke ƙirƙiro wa tauraronsu asali da dangi.

Marubucin Hausa ya fi su kayan aiki, domin a ƙasar nan asiri gado ne. Maƙera da wuta, sarkawa da ruwa, wanzamai da aska, mafarauta da daji, kowane gida da abin da uba ke raɗa wa ɗa. Bori ma ana gadonsa. Maita kuwa, a camfin mutane, a nono ake shanta, shi ya sa ake bin ta ta wajen uwa. Ɗan gidan bokaye da ya shiga makarantar allo ya ƙi karɓar kayan kakansa ya fi bokan kogo goma ban sha'awa, kuma duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu tsofaffin zanen shanu, sun isa a kafa labarinsa a kansu ba sai an ƙago birnin aljanu ba.

Akwai wurin taka-tsantsan. A wasan Turawa jinin sihiri abin alfahari ne, a nan tabo ne. Har yau ana fasa aure idan bincike ya jiyo raɗe-raɗin maita a dangi, ana kuma dukan tsofaffin mata a kan zargin kama kurwa. Labarin da ya nuna ɗiyar mayya dole mayya ce yana ƙara wa wannan zalunci ƙarfi. Wanda ya nuna yadda zargin ke hana yarinya miji, ya sa maƙwabta su daina cin tuwon gidansu, shi ne ya taɓo abin da gadon yake jawowa a ƙauye.