Ashura da Ranar Kafara: Me Yahudawa Suke Nema a Azuminsu?

A Fakku, kamar sauran garuruwan ƙasar Kebbe da Tambuwal, watan Muharram da ƙamshin girki yake shigowa. Mata su fiddo kan ragon layya da aka busar aka adana tun Babbar Sallah, a tuƙa tuwo ya wadata, a ce wa yara kowa ya ci sai ya ture, domin daren cika-ciki ne. Taubasai su bi juna suna karɓar kuɗin shara. A masallaci kuma liman ya tunatar da jama'a azumin Tasu'a da Ashura, tara da goma ga wata. Ɗalibin zaure da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ta ambaci Ashura cikin azumin da ake kwaɗaitarwa a kai. Dalilin kuwa a bakin kowa yake: Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumtar ranar don gode wa Allah da Ya tsirar da Annabi Musa daga Fir'auna, sai ya azumce ta, ya umarci sahabbai su azumta.

A nan yawancinmu muke tsayawa. Ba kasafai ake tambayar wane irin azumi ne waɗancan mutane suke yi ba, balle abin da jikokinsu suke yi yau. Labarin Falasɗinu ya cika rediyo har kalmar Bayahude ba ta zuwa kunnenmu sai tare da yaƙi, kuma wannan damuwa tana da hujjarta. Sai dai addinin Yahudawa ya girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da dubban shekaru, kuma sanin ibadar mutane ba ya nufin bin su ko yarda da siyasar wata gwamnati.

Babban azumin Yahudawa shi ne Yom Kifur, Ranar Kafara, goma ga watan Tishri, wanda yake faɗowa a Satumba ko Oktoba. Ana kama baki kafin faɗuwar rana, ba a sha ruwa sai taurari sun fito washegari, wajen awa 25 ke nan. Ban da ci da sha, an hana wanka da shafa mai da sa takalmin fata da kusantar iyali. Da yawa suna sa fararen tufafi, wasu ma irin rigar da za a binne su da ita, don mutum ya tsaya gaban Ubangijinsa kamar wanda ya riga ya bar duniya. Sau biyar ake tsayuwar addu'a, ana furta zunubai a fili, kuma da bakin jama'a ake furtawa: mu ne muka yi, ba ni kaɗai ba. Da la'asar a karanta labarin Annabi Yunusa da mutanen Nainawa, waɗanda suka tuba aka janye musu azaba. A rufe da busa ƙahon rago.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharaɗin da malamansu suka gindaya tun a littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya. Sun raba laifi gida biyu. Wanda ke tsakanin bawa da Allah, ranar tana kankare shi idan an tuba. Wanda ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa kuwa, yunwar duniya ba ta taɓa shi sai an je an nemi yardar wanda aka zalunta. Saboda haka kwana goma da suka fara daga sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, kwanakin biyan bashi ne da mayar da kayan mutane da zuwa ƙofar wanda aka ɓata wa. Idan ya ƙi yafewa, a koma har sau uku. Da safiyar ranar kuma sukan karanta wa'azin Annabi Ishaya, inda ya tsawata wa masu azumi suna danne ma'aikatansu, ya nuna cewa azumin da Allah Yake so ya haɗa da ciyar da mai yunwa da suturta matsiraici. Jama'a da yunwa a cikinsu ake karanta musu cewa yunwar kaɗai ba ta isa ba. Wannan tarbiyya ce mai zurfi.

To, ga inda mai nazari zai dakata. Hadisi ya danganta azumin da tsira daga Fir'auna, amma Yahudawa a yau ba da azumi suke tuna fitowa daga Masar ba. Da liyafa suke tuna ta, a Idin Ƙetarewa, 15 ga watan Nisan, a Maris ko Afrilu. Iyali su zauna da dare, a ci gurasa marar yisti don tuna gaggawar fita, a tauna ganye mai ɗaci don ɗanɗana ɗacin bauta, ƙaramin yaro ya tashi ya yi tambaya, manya su ba shi labari. Ana so kowa ya ji kamar shi da kansa aka fitar daga Masar. Ita kuwa Ranar Kafara, al'adarsu ta haɗa ta da wani lamari na Annabi Musa: ranar da ya sauko daga dutse da alluna na biyu, bayan an yafe wa Bani Isra'ila bautar ɗan maraƙi. Malamanmu ba su kau da kai daga irin wannan tambaya ba. Ibn Hajar, a Fathul Bari, ya tattauna yadda Annabi ya iso Madina a Rabi'ul Awwal alhali Ashura a Muharram take, ya kuma kawo yiwuwar cewa Yahudawan da lissafin rana suke tsayar da ranarsu. Lallai kalandarsu ta wata ce, amma suna ƙara wata guda sau 7 cikin kowace shekara 19 don bukukuwa su tsaya a lokutansu na shekara, yayin da tamu take ja baya da kusan kwana 11 duk shekara. Ni dai abin da na lura da shi: a hadisin Muslim, ladar da ake fata ga azumin Ashura ita ce kankare zunuban shekarar da ta wuce. Ke nan godiya da kafara duka sun taru a ranarmu ta goma.

Sauran bukukuwan ma haka suke sa jiki ya yi aikin tunawa. Kwana biyar bayan Ranar Kafara sai Idin Bukkoki: mai gidan bene ya fito tsakar gida ya kafa rumfa da rassan itace, wadda ake hango sama ta rufinta, ya ci abinci a ciki kwana bakwai, don tuna shekara 40 na yawon hamada. Lokacin girbi ne a wurinsu, kuma ya zo daidai da kakar gero a ƙasarmu. Manomin Fakku da ya taɓa kwana a bukkar gona yana gadin amfani zai fi ɗan birni gane hikimar: daidai lokacin da rumbu ya cika ake fitar da mutum daga ɗakinsa, kada ya ɗauka katanga ce ke tsare shi. Makonni bakwai bayan Idin Ƙetarewa kuma suna tuna saukar Attaura a Sina'i, wasu su kwana suna karatu.

Akwai kuma azumin baƙin ciki. Tara ga watan Ab suna tuna rushe Haikalin Ƙudus, na farko a hannun Bukhtanasar sarkin Babila a 586 kafin miladiyya, na biyu a hannun Rumawa a shekara ta 70 miladiyya. A zauna a ƙasa, a rage fitilu, ba a ko gaisawa. Malamansu sun ɗora rushewa ta biyu a kan ƙiyayya marar dalili da ta shiga tsakanin su kansu, wato ko a makoki laifin gida ake fara dubawa kafin na maƙiyi.

Musulunci ya shata iyakarsa a fili. Da aka wajabta Ramadan a shekara ta 2 bayan Hijira, Ashura ta koma nafila, kuma a ƙarshen rayuwarsa Annabi ya yi niyyar haɗawa da ranar tara don a bambanta da Yahudawa. Ba mu da buƙatar aron ibadar kowa. Sharaɗin nan na haƙƙin mutane ma yana cikin littattafanmu: malamai sun ce kankarewar Ashura ta ƙananan zunubai ce, kuma tuba daga zalunci ba ta cika sai an mayar wa mai abu abinsa. Bambancin shi ne su sun ware masa kwanaki sanannu har ya zama ɗabi'ar gari, mu kuwa mun bar shi a shafin littafi, cika-ciki ya fi shi suna a bakin yara.

Roƙona ga limamanmu na Fakku da Kebbe da Tambuwal: idan Muharram ya kama, bayan labarin Fir'auna da teku, a faɗa wa mutane ƙarara cewa wanda ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa, ko ya danne gadon marayu, ko ya riƙe kuɗin ɗan ƙwadago, ya je ya warware tun kafin ya ɗauki niyyar azumi.