Gaba da baya, amma a bar wa ɗinki wuri

Duk ɗan Arewa da ya yi karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum, ko Jami'ar Musulunci ta Omdurman, ya san cewa rabin karatun a shagon fotokwafi yake. Littafi ya yi tsada, sai malam ya ba da muzakkira, wato takardun darasinsa, kowa ya je ya cire tasa. Takarda kuwa daga waje ake shigo da ita, ga fam ɗin Sudan yana ta faɗuwa tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Shi ya sa bugun gaba da baya ya zama ruwan dare, kuma ni ina goyon bayansa: shafi 200 a takarda 100, jakar ɗalibi ma ta huta.

Injin zamani ba ya ɓata lokaci. Yakan fara ɗaukar hoton shafukan duka ya adana, sannan ya buga gaban takardar farko. Kafin ta juyo ta cikin hanyarta, ya riga ya buga gaban ta biyu, sai ya koma bayan ta farkon. Amma takardar da ta bi ta wurin zafi sau ɗaya takan lanƙwashe, ga ƙurar guguwar habub tana sa tayoyin roba santsi. Nan take maƙalewa, mai shago ya buɗe ƙofar gefe yana tsaki yana zaro ta.

Abin da ke damuna ba injin ba ne. Littafin Larabci daga dama ake buɗe shi, saboda haka a shafin gaba filin ɗinki yana dama, a na baya kuma ya koma hagu. Yaron shago da ke sauri ba ruwansa, sai an ɗaure muzakkirar ka ga ƙusa ta cinye farkon layi a shafin gaba, ko ƙarshensa a na baya. A Nahawu, harafi ɗaya da ya ɓace ya isa ya sauya hukunci. Wani kuma ya yi maka da takarda mai giram 70, rubutun baya yana leƙowa ta cikin wasulla.

Sannan tunda takarda ta ragu da rabi, me ya sa wasu ke karɓar kuɗin shafi cif-cif? Masu shago, a Khartum kuke ko a Kano, ku gwada takarda ɗaya ku duba gefenta kafin ku saki injin, kuɗin ma ku rage.