Rabin Waƙa a Waya, Rabi a Gindin Sifika

Bari in fara faɗin laifina kafin wani ya faɗa mini: ni mai son kiɗa ne mai nauyi. Irin wanda in aka sake shi, kafin kunne ya ji ƙirji ya riga ya amsa, kofin shayin da ke kan benci ya kama rawa shi kaɗai. Yaran yanzu suna ce masa bes. Duk wanda ya san ni a Hausari ya san in ana casu ba a bayan fili ake samuna ba, a gindin sifika nake tsayawa. Saboda haka wannan ba wa'azi ba ne. Masu wa'azi suna nan, kuma sun fi ni iyawa. Ƙorafi ne na wanda ya biya kuɗinsa aka ba shi rabin kaya.

Kwana biyu bayan Sallar da ta wuce na je wani wasa a wani ɗakin taro a cikin gari. An tara sifiku takwas, huɗu dama huɗu hagu, an ɗora su kamar buhunan wake a sito. Janareta na ta gurnani a waje. Yara mawaƙa na garin nan suka yi ta hawa suna sauka, wasu da murya mai kyau wallahi, amma sai dai ka ga baki na motsi. Da DJ ya ga fili ya fara sanyi sai ya saki "Warr" ta Ado Gwanja, wuri ya kaure. Ni ma na taka, ba zan ɓoye ba. Amma da na dawo gida na kwanta, sai na tambayi kaina: me na ji? Duka na ji. Na ji shi a haƙarƙari, na ji shi a tafin ƙafa. Ko kalma ɗaya ban kama ba, a waƙar da na sani tun 2022. Kunnena kuwa ya yi kwana biyu yana ƙara kamar an bar rediyo a tashar da ba kowa.

Washegari na kunna waƙar a waya, sai ga akasin haka. Murya tar, kowace kalma a fili, amma kiɗan ya koma kamar yaro na ƙwanƙwasa gwangwanin madara. A nan na gane abin da ya daɗe yana damuna. Mu a unguwar nan ba mu taɓa jin waƙoƙin nan cikakku ba. Rabi muke ji a waya, ɗaya rabin a filin casu, kuma ba a taɓa haɗa mana su wuri guda.

Dalilin ba boyayye ba ne. Sifikar waya ƙarama ce, ba ta iya tura iskar da za ta fitar da sauti mai zurfi, sai ta yar da shi. Su kuma manyan akwatunan da ake haya don biki, sauti mai zurfin ne ƙarfinsu, kuma mai kula da na'ura ya san shi ne ke tayar da mutane, sai ya murɗa shi har ƙarshe. Muryar mutum tana tsakiya ne, ba can ƙasa ba, ba can sama ba. In ƙasa ya cika ƙarfi sai ya danne ta, musamman a ɗaki mai bangon siminti da rufin kwano, inda sauti ke dukan bango ya dawo ya hau kan ɗan'uwansa. Wannan ba laifin wanda ya yi waƙar ba ne. A situdiyo an auna komai. A fili ne ake zubar da awon.

Abin da ya sa nake jin zafin wannan, kiɗan da ake ɓatawa yana da abin ji. Dukan nan mai zurfi da ya cika waƙoƙin rawa na 'yan shekarun nan daga Afirka ta Kudu ya taso, daga kiɗan amapiano na unguwannin baƙar fata a kewayen Johannesburg da Pretoria. Ya bi ta Legas, ya shigo situdiyoyin Kano da Kaduna. Abin dariya, sunan ma ma'anarsa fiyano da yawa, mu kuwa mun shekara fiye da ashirin muna ce wa kiɗan fim kiɗan fiyano. Gangar da ke cikinsa ba itace ba ce, ba fata ba, a kwamfuta ake haɗa ta. Amma ku saurare ta da iyafis mai kyau. Ba wuri ɗaya take duka ba. Tana hawa, tana sauka, tana zamewa daga wannan murya zuwa waccan. Duk wanda ya girma yana jin kalangu zai gane wannan tafiyar. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya ɗaga muryar fata, ya saki ta sauka, shi ya sa kalangu ke kiran sunan mutum har ya waiwayo, tunda Hausa kanta da hawa da saukar murya take rarrabe kalma. Ina ganin shi ya sa wannan kiɗa na baƙi ya zauna a bakin mawaƙanmu ba tare da ya yi musu bambaraƙwai ba. A "Warr" da "Chass" gangar tana amsa wa mawaƙi kamar ɗan amshi. To duk wannan hira tsakanin murya da ganga, in aka murɗe na'ura, sai ta koma dum, dum, dum kawai.

Kuma kada wani ya ce mana nauyin kiɗa baƙon abu ne. Ku je ƙofar Shehu ranar hawa ku ji ganga kura tare da algaita, ko ku tsaya kusa da makaɗa a daren wushe-wushe na maƙwabtanmu Kanuri. Cikinka zai ji. Iyayenmu mata da suka yi rawar amada sun san abin da ƙwarya ke yi in aka kifa ta a kan ruwa: wannan ai bes ne, tun kafin a kawo janareta. Amma marigayiya Barmani Choge ba ta taɓa ɓacewa a bayan ƙwaryarta ba, haka Shata bai taɓa ɓacewa a bayan kalangansa ba. Makaɗan sun san lokacin da za su ja baya su ba baki wuri. Hannu ne ke duka, kuma hannu yana da kunya. Maɓallin na'ura ba shi da ita.

Akwai waƙoƙin da ba su shan wannan wahala. "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye gidaje a 2020 lokacin kullen korona, murya ce a gaba, kiɗa na biye da ita a hankali. Shi ya sa ta yi daɗi a waya, a ɗaki, inda aka fi jin ta. Albam ɗin Morell, ɗan Borno, wato Musa Jikan Musa na 2017, har yanzu ina komawa gare shi don abu ɗaya: an bar wa muryarsa fili, ga nauyi a ƙasa amma bai hau kanta ba. Sai dai shi kansa albam ya zama abin da ake nema da fitila. A da in Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ya saki sabo, faifai za ka saya, ko ka kai memori wajen masu turawa a Post Office, ka zauna ka ji daga farko har ƙarshe, ka san wadda aka sa don rawa da wadda aka sa don a huta. Yanzu waƙa ɗaya ake saki, a cikinta ma daƙiƙa talatin ɗin da za su shiga TikTok ake wa aiki. Mai yin kiɗa ya san inda za a yanka, sai ya zuba duk ƙarfinsa a nan. DJ kuma ya jera irin waɗannan gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya awa uku, ba sauka, ba numfashi. Tuwo ma in duk loma yaji ce, ba ka ƙara jin yajin.

Yanzu ga inda maganar ta fi mini nauyi, don a Maiduguri ƙara ba ƙara ba ce kawai. Waɗanda suka zauna a garin nan a shekarun da aka hana hawa babur a 2011, aka sa dokar hana fita, aka yanke layukan waya a 2013, sun san yadda gari ya yi shiru. Biki kafin la'asar an watse. Ƙofar mota in aka buga da ƙarfi sai ka ga mutane sun duƙa. Daga baya a farkon 2021 aka kayar da turakun wuta a hanyar Damaturu, muka daɗe a duhu. Ba zan manta daren da na fara jin kiɗa mai nauyi na tashi daga wani gidan biki bayan isha, ba wanda ya gudu, yara na tsalle a bakin layi. Na tsaya a kan hanya kamar wawa, idona ya cika. A wajena wannan dukan shaida ce cewa gari ya dawo. Wanda bai zauna cikin wancan shirun ba, ba zai gane me ya sa muke son abin ya taɓa ƙashi ba.

Amma akwai wata tsohuwa a layinmu, Inna muke ce mata, wadda ta baro garinsu da ƙafa a waɗannan shekarun. Ranar wani biki a bayan gidansu na shiga gaishe ta da safe, na tarar ba ta runtsa ba. Ta ce, "Ɗan nan, ni ba waƙa nake ji ba. Abin nan nake ji daga nesa, irin na da." Na rasa abin cewa, don gaskiya ta faɗa, kuma ilimin sauti ma yana bayanta. Bango yana tare murya da algaita da duk wani siririn sauti, amma mai zurfin yana ratsa shi. Abin da ke isa ɗakin Inna ba waƙar Gwanja ba ce, ba ta kowa ba ce. Dum ne tsirara, cikin dare, ba ta san daga ina ba. Abin da ni nake ji a matsayin dawowar gari, ita yana mayar da ita ranar da ta baro nata. Kuma gidajen Hausari kun san su, bango ɗaya ne tsakanin mai biki da mai jinya.

Ga kuma kunnen namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa ƙarar wuraren wasa kada ta wuce desibel 100 in aka auna matsakaicinta, ta kuma ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalata jinsu ta hanyar irin wannan sauraro. Ƙarar nan da kunne ke yi bayan casu, wadda muke dariya a kai, alama ce ta an ji wa wani abu ciwo a ciki, kuma ƙananan gashin da ke kama sauti a can ciki in sun mutu ba sa sake tsirowa. Na ga uwa ta tsaya rawa a gaban sifika da jariri a bayanta.

A bikin wani ƙanen abokina makon jiya na yi ƙarfin hali na je wajen mai na'ura, yaro ne da bai wuce ashirin da biyu ba. Na ce, "Ƙanena, don Allah ɗan rage ƙasan nan ka ɗago murya, mu ji abin da mutumin ke faɗa." Ya dube ni, ya ce, "Yaya, in na rage za a ce kayana ba su da ƙarfi, gobe wani za a kira." Na ce to gwada waƙa ɗaya tak. Ya gwada. Gangar ta fito da hawanta da saukarta, mata suka kama amshi da bakinsu tunda yanzu suna jin inda aka kai, wata dattijuwa ma ta tashi daga kujera ta taka. Waƙar na ƙarewa abokan ango suka taso masa, wai ko man janareta ne ya ƙare. Ya mayar da maɓallin inda yake. Ni kuma na ciro audugar da na zo da ita a aljihu, na toshe kunne, na koma gindin sifika.