Sharhi: Makami a Sahun Salla

Tun da aka kai hari Babban Masallacin Kano ran Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014, mutum fiye da 100 suka rasu, nake jin wata magana a bakin 'yan'uwa ɗalibai, wai magani shi ne kowa ya zo salla da makaminsa. Hujjarsu ita ce kiran da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi a wannan watan, cewa jama'a su kare kansu. Ni ban ƙi kiran ba, fassarar da suka yi masa nake suka.

Gaskiya ne Suratun Nisa'i, aya ta 102, ta yarda a riƙe makami a sallar tsoro. Amma a duba tsarin. An raba jama'a biyu, wasu na salla wasu na gadi, kuma duk ƙarƙashin shugaba guda. Buhari ma ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya umarci mai ratsa masallaci da kibau ya kame tsininsu, kada ya ji wa wani rauni.

To, a masallacin da ya cika maƙil, in ƙara ta tashi mutum 50 suka zaro bindiga, wa zai bambance maƙiyi da masoyi? Kafin a ankara ɗan'uwa ya harbe ɗan'uwansa. A ganina, a ajiye sanannun masu gadi a ƙofa, waɗanda liman da hukuma suka amince da su. Mai shiga sahu kuwa ya shiga da alwalarsa kawai. Allah ya tsare mu, amin.