BABI NA HUƊU: HOTON KURA A CIKIN LABARIN ZANE NA *DIGGER*

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin nazarin yadda Ursula Vernon ta sarrafa taurarinta, musamman kura, a cikin labarin zane mai suna *Digger*. Vernon 'yar ƙasar Amurka ce, ita ce ta rubuta labarin, ita ce kuma ta zana shi da baƙi da fari. Ta fara sakin sa a intanet shafi bayan shafi a shekarar 2003, ta kammala a 2011. Kamfanin Sofawolf Press ya buga shi a littattafai 6. Labarin ya sami lambar yabo ta Hugo a 2012, da kuma ta Mythopoeic a 2013.

4.1 Labarin a Taƙaice

Babbar tauraruwar labarin ita ce Digger, wata dabba da ake kira wombat, wadda ake samu a ƙasar Ostareliya. Ta yi kama da dabgi wajen haƙa rami, kuma ciyawa take ci. Digger gwanar haƙa ce, ba ta yarda da tsafi ko duba ba. Wata rana tana cikin haƙa sai ta ɓata, ta ɓullo a ɗakin bautar Ganesh na addinin Hindu, inda ta iske gunki mai magana. Burinta guda ne, wato ta koma gida. A ƙoƙarin haka ne ta haɗu da ƙabilar kuraye.

4.2 Kura a Tatsuniya da Kura a *Digger*

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san halin kura a tatsuniya. Ga kwaɗayi, ga tsoro, ga wauta, kullum Gizo na yi mata wayo. Da zarar an ambaci sunanta, mai sauraro ya riga ya san yadda za ta ƙare. Ke nan, a tatsuniya kura ba ta da wani hali nata na ƙashin kanta, alama ce kawai ta mugun hali da ake son yara su guje masa.

Vernon ba ta bi wannan hanya ba. Ta dubi rayuwar kura ta zahiri, inda mace ta fi namiji girman jiki da iko, sai ta gina al'umma guda a kan haka. Kurayen *Digger* suna da shugabanni mata, da dattijuwa mai faɗa-a-ji da ake kira Boneclaw Mother, da dokoki, da al'adun mutuwa, har da labarin asalinsu. Sanin da marubuciyar ta samu a jami'a a fannin nazarin al'adun bil'adama ya fito fili a nan. Hasali ma, babu kura biyu masu hali ɗaya a cikin labarin.

4.3 Ed: Kurar da Aka Cinye wa Suna

Tauraron da ya fi ɗaukar nauyin jigon labarin shi ne wani namijin kura da Digger ta iske shi kaɗai a kogo. Matarsa ta daɗe tana dukansa yana haƙuri, amma da cutarwar ta kai ga 'yarsu, sai ya kashe ta. Hukuncin ƙabila shi ne a kore shi, a kuma cinye sunansa. Ma'ana, daga ranar ba shi da suna, ba a lissafa shi cikin masu rai. Saboda haka ko da yake magana a kan kansa, lamirin da ake amfani da shi ga kaya marasa rai yake amfani da shi. Wannan dabara ce ta sarrafa harshe mai ƙarfin gaske, domin kowace jimla da ya furta tana tuna wa mai karatu hukuncin da ke kansa, ba tare da marubuciya ta sake faɗa ba.

Digger ce ta raɗa masa suna Ed. Idan aka yi la'akari da matsayin suna a al'adar Bahaushe, inda ake tara jama'a ran bakwai domin raɗa shi, za a gane girman wannan kyauta. Abin lura shi ne, marubuciyar ba ta mayar da ƙabilar azzaluma ba. Dokarsu tana da dalili, Ed da kansa bai musa ta ba, amma mai karatu yana ganin ba a yi masa adalci ba. An bar doka da tausayi suna ja-in-ja, ba a yanke wa mai karatu hukunci ba. A ƙarshe Ed ya ba da ransa wajen taimakon Digger, ya mutu da sunan da baƙuwa ta ba shi.

Haka kuma, a wurin jana'izar wata kura, sai da Digger ta ci guntun hantar mamaciyar kamar yadda al'adarsu ta tanada, alhali ita ba ta cin nama. Da wannan ne ta zama 'yar ƙabila. Saƙon a nan shi ne, zumunci ba ya tsaya ga jini, ana samun sa ne ta ɗaukar nauyin juna.

4.4 Zubi da Tsari

Baƙi da farin da aka yi zanen da shi ya dace da labarin da yawancinsa a rami da kogo yake gudana. Sai dai sakin labari shafi-shafi har kusan shekara 8 ya bar tabonsa. Zanen farkon labarin bai kai na ƙarshe kyau ba, kuma a wasu wurare maganganun taurari sun cika shafi har sun danne hoto. Wanda ya karanta shi a dunƙule zai ji tsakiyar labarin tana jan ƙafa.

4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙarfin *Digger* bai dogara ga abubuwan al'ajabi da ke cikinsa ba. Ya dogara ne ga yadda aka ɗauki dabbar da tatsuniya ta saba yi wa dariya, aka ba ta doka da tarihi da baƙin ciki. Wannan darasi ne ga masu son mayar da tatsuniyoyin Hausa zuwa labaran zane: ba dole ne kura ta dawwama a matsayin sakarya ba. Babi na gaba zai dubi salon barkwanci a labarin.