Dankmar Adler, Maginin da Ya San Hanyar da Murya Ke Bi

Ranar 9 ga Disamba, 1889, mutum sama da 4,000 suka cika wani sabon zauren wasanni a birnin Shikago na Amurka, har da shugaban ƙasar na lokacin, Benjamin Harrison. Shahararriyar zabiya Adelina Patti ta hau dandamali ta rera waƙa, ba makirufo a gabanta, ba lasifika a bango, domin zamani bai kawo su ba tukuna. Tun daga wannan dare zauren, wanda ake kira Auditorium, ya yi suna da abu guda: mai tikitin araha da ke can ƙololuwar bene yana jin muryar da ke fitowa daga dandamali tas, ba tare da ya kasa kunne ba. Wanda ya ƙulla wannan aiki wani Bayahude ne ɗan ci-rani, Dankmar Adler.

An haife shi ranar 3 ga Yuli, 1844, a wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Stadtlengsfeld, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ɗan kwanaki. Mahaifinsa, Liebman Adler, malamin addinin Yahudawa ne. A 1854 suka yi ƙaura zuwa Detroit, yaron yana ɗan shekara 10, sannan a 1861 suka koma Shikago inda aka ba uban jagorancin majami'ar Kehilath Anshe Ma'ariv. Dankmar bai yi digiri ba. A ofisoshin masu zanen gini ya koyi sana'a a matsayin yaron gida, ya ƙara gogewa a aikin injiniya lokacin da ya shiga rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka a 1862. Da gobarar Oktoban 1871 ta lashe tsakiyar Shikago, sai aiki ya yi wa magina yawa, shi kuwa yana da shekara 27 da hannu a shirye.

Gwanintarsa ta fito fili a 1879 da ya gina Central Music Hall, wanda mawaƙa da masu lacca suka yi ta yabon yadda yake ɗaukar murya. A 1885 kuma aka ba shi wani katafaren ginin baje koli ya mayar da cikinsa zauren opera na wucin gadi mai cin mutum sama da 6,000, aka kuma ji waƙa. Wannan ne ya sa attajiri Ferdinand Peck ya miƙa wa Adler da abokin aikinsa Louis Sullivan kwangilar Auditorium.

To, yaya ake sa murya ɗaya ta ishi dubban kunnuwa?

Adler ya fara ne daga ƙasa, wato daga wurin zama. Ya ɗauko wata dabara da injiniyan Sikotland John Scott Russell ya bayyana tun ƙarshen shekarun 1830. Russell ya lura cewa kan mutumin da ke gabanka yana tare maka sauti kamar yadda yake tare maka gani. Saboda haka mai zane zai ja miƙaƙƙen layi daga bakin mai magana, ya ratsa ta saman kan na sahun farko, inda layin ya sauka nan zai ajiye kunnen na sahu na biyu. Daga nan ya sake jan wani layin ta saman kan na biyu domin ya samu mazaunin na uku, haka har sahun ƙarshe. In an bi wannan lissafi, tsayin da ake ƙara wa kowane sahu yana ɗara na gabansa, sai daɓen ya lanƙwasa yana hawa a hankali daga gaba, ya yi tsaye sosai can baya. Aiki ne na haƙuri, sahu bayan sahu, da fensir da ma'auni. Amfaninsa kuwa biyu ne a lokaci guda, domin duk wanda ya hango bakin mai waƙa ba shamaki, to muryar ma ta same shi ba shamaki.

Sai rufi, kuma a nan ne na fi ganin basirar mutumin. Murya ba ta isa kunne ta hanya ɗaya. Akwai wadda ke zuwa kai tsaye, akwai wadda ke bugun bango ko silin ta dawo. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kuma masana na yau sun nuna cewa idan wadda ta dawo ta iso cikin kusan kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa, kunne yana haɗe ta da ta farko, sai muryar ta ƙara ƙarfi da kauri. Idan ta wuce haka, wato hanyarta ta ɗara ta farko da kamar mita 17, sai ta fara taka kalmar da ke biye, magana ta dagule, a ƙarshe ta zama amsa-kuwwa. Duk wanda ya taɓa zama a babban ɗakin taro yana jin hayaniyar lasifika amma bai fahimci abin da ake faɗa ba, ya san wannan ciwo.

Manyan gidajen opera na Turai a lokacin suna alfahari da dogon rufi mai ƙubba. Adler ya ƙi bin wannan. Ya sauko da rufin kusa da dandamali, sannan ya jera manyan baka guda 4, kowane ya fi na gabansa faɗi da tsayi, har cikin zauren ya zama kamar kakaki, siriri a wajen baki, yana buɗewa wajen jama'a. Muryar da za ta tashi sama ta ɓace sai ta bugi bakan da ke kusa, ya tura ta gaba da ƙasa, ta isa kujerun baya da wuri. Kuma bai bar rufin sumul ba. Tsakanin baka da baka akwai mataki da ƙwarya-ƙwaryan ado na filasta, waɗanda ke warwatsa sauti don kada ya taru a wuri ɗaya ya bar wani wurin shiru.

Abin lura shi ne lokacin da ya yi wannan. Wallace Sabine na jami'ar Harvard, wanda ya fitar da lissafin tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu a cikin ɗaki, bai kammala aikinsa ba sai ƙarshen shekarun 1890, kuma zauren farko da aka gina bisa lissafinsa, Symphony Hall na Boston, a 1900 aka buɗe shi. Adler ya riga shi da shekara 11, da kunne da lura da abin da ya koya daga zaure zuwa zaure. Da za a gina Carnegie Hall a New York, wanda aka buɗe a 1891, Adler aka nema ya ba da shawara.

Akwai wata manufa a ƙarƙashin wannan fasaha da nake ganin ta fi fasahar daraja. An fara ginin ne a 1887, shekara ɗaya bayan rikicin Haymarket da ya raba Shikago tsakanin ma'aikata da masu jari. Peck yana son zauren da lebura zai iya shiga. A gidajen opera na gargajiya, ɗakunan masu kuɗi su ne ke zagaye zauren suna cinye wurare mafi kyau. A Auditorium an tura su gefe, aka bar tsakiya ga sahun jama'a. An kuma lulluɓe zauren da otal mai ɗaki 400 da ofisoshi 136, domin kuɗin hayarsu ya tallafi wasanni. Niyya ce mai kyau, amma da kujerar araha ba ta jin komai, da ta tsaya a baki. Lissafin Adler ne ya mayar da ita gaskiya. Har ma ya yi wa benayen sama wasu faifan rufi masu saukowa, waɗanda ake rufe su da su in taron bai kai ya cika zauren ba.

Gwanintarsa ta biyu tana ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani. Shikago tana zaune a kan laka mai laushi, dutse yana can nesa. Ginin hawa 10 ne, amma a gefe guda yana da hasumiya mai hawa 17, wadda nauyinta ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Kowa ya san ginin zai nutse kaɗan. Haɗarin shi ne hasumiyar ta nutse fiye da maƙwabtanta, bango ya tsage. Adler ya shimfiɗa harsashi mai faɗi na katako da ƙarfen dogo da kankare domin a raba nauyin. Sannan tun hasumiyar tana ƙasa ya sa aka jibge mata tarin baƙin ƙarfe da bulo, domin ƙasar ta ɗanɗani nauyin tun da wuri. Magina na ƙara hawa, ana kwashe daidai abin da suka ƙara, har aka gama. Ƙasa ta karɓi kayanta gaba ɗaya maimakon a yi mata ba-zata.

Ginin dai ya nutse, a wasu wurare fiye da rabin mita, musamman da yake an sauya bangon waje zuwa dutse mai nauyi bayan an riga an zuba harsashi. Mai shiga harabar zauren yau zai ji daɓen yana gangarawa wajen bango. Adler bai yi watsi da darasin ba. A ginin kasuwar hannun jari ta Shikago, wanda aka gama a 1894, an haƙa rijiyoyi masu zurfi aka cika su da kankare domin su ɗauki wani ɓangaren ginin, dabarar da ta zama ruwan dare a birnin daga baya.

Duk da haka, in ana maganar waɗannan gine-gine sunan Sullivan ake fara kira, domin shi ya zana adon zinariya da furannin filasta da ido ke gani, shi ma gwani ne ba musu. Frank Lloyd Wright, wanda ya yi yaron zane a ofishinsu yana saurayi, ya shahara fiye da su duka. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1893 aiki ya ja baya, abokan biyu suka rabu a 1895, Adler ya rasu ranar 16 ga Afrilu, 1900, yana da shekara 55. Gine-ginensa da yawa sun tafi. An rushe Central Music Hall don faɗaɗa kanti, an rushe ginin kasuwar hannun jari a 1972. Majami'ar da ya gina wa jama'ar mahaifinsa a 1891 ta koma cocin Pilgrim Baptist, inda Thomas A. Dorsey ya raini waƙoƙin bishara na baƙar fatar Amurka a ƙarƙashin rufin Adler, kafin gobara ta cinye cikinta a Janairun 2006.

Auditorium ya tsira, da ƙyar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an mayar da shi wurin shaƙatawar sojoji, daga baya jami'ar Roosevelt ta sayi ginin, aka gyara zauren aka sake buɗe shi a 1967. Har yanzu ana wasa a cikinsa, kuma ana lissafa shi cikin zaurukan da suka fi ɗaukar murya a Amurka. Ɗalibanmu na zanen gini da masu gina manyan ɗakunan taro ya kamata su nemi zanen wannan zaure su yi nazarinsa, domin jin magana a ɗaki tun daga takarda ake shirya shi, kafin a sa bulo ko ɗaya.